Kiyaye haɗari jari ne ga masu motocin sufuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da masu kamfanonin sufuri, wato masu tireloli da tankoki da bas-bas da motocin rarraba kaya, a kan wani lissafi da nake ganin da yawansu rabinsa kawai suke yi. Idan aka kawo musu zancen horar da direbobi, ko sauya taya kafin ta suɗe, ko tsayar da mota yini guda a gareji domin a duba birki, nan take sai su ƙirga abin da hakan zai ci, su ce kasuwa ba ta ba da wannan sarari ba. Abin da ba su cika zama su ƙirga ba shi ne abin da haɗari guda ɗaya yake lanƙwamewa, alhali ta nan ribar shekara take zurarewa.

Rai ne a kan gaba, kuma ba na so a ɗauka na mance da hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara, kuma haɗurran mota suna jawo wa mafi yawan ƙasashe asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na arzikin da suke samarwa. Amma tunda da 'yan kasuwa nake magana, zan bi ta ƙofar da suka fi ganewa.

Ranar da mota ta faɗi, mai ita yakan dubi ƙarfen da ya lanƙwashe, ya tambayi makaniki kuɗin gyara, ya ce ai akwai inshora. To, inshora tana biyan abin da aka rubuta a yarjejeniya ne kawai. Ba ta biyan makonnin da motar za ta yi a ajiye ba ta shigo da ko sisi ba, alhali bashin da aka ci aka saye ta yana nan yana jiran biya. Ba ta mayar wa kamfani da abokin cinikin da kayansa suka lalace ko suka makara, wanda daga ranar ya koma wurin wani. Ga zirga-zirgar asibiti da ofishin 'yan sanda da kotu, ga diyya, ga neman sabon direba da koya masa aiki, sannan idan lokacin sabunta inshorar ya zo, kamfanin inshora zai duba tarihin haɗurran ya ƙara kuɗi. Waɗannan asarori ba sa zuwa a takarda guda, a warwatse suke shigowa, shi ya sa mai mota yakan ji jarinsa yana raguwa bai san ta inda yake yoyo ba.

Gudu ma haka yake. Nisan da mota take buƙata kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu, kuma hukumar da na ambata ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da kashi 4 cikin 100. Direban da ke fizgar mota yana taka birki da ƙarfi shi ne kuma yake ƙona mai fiye da kima, yake cinye taya da birki kafin lokacinsu. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ƙara shan mai, tana ɗaukar zafi, ita ce kuma take fashewa a tsakiyar tafiya. Ashe ke nan tuƙin da yake tsare rai shi ne dai yake tsare aljihu, ko da haɗari bai taɓa aukuwa ba.

Inda na fi so masu motoci su tsaya su yi nazari shi ne yadda suke biyan direbobinsu da yadda suke tsara musu lokaci. Kamfani zai iya liƙa dokoki a bangon ofis, ya tara direbobi ya yi musu lacca, amma muddin abin da direba zai kai wa iyalinsa ya dogara ne a kan yawan sawun da ya yi, to albashin ne zai bi, ba laccar ba. Zai yi gudu, zai tuƙa cikin dare idonsa cike da barci, zai ɓoye cewa birki ya fara sanyi domin kada a tsayar da motar ya rasa sawu. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsarin da aka ɗora shi a kai ne. Wannan ne ya sa dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa direban babbar mota tuƙin awa 9 a rana, tare da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, a Amurka kuma direban motar kaya ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, bayan ya huta awa 10 a jere. Mai kamfani ba ya buƙatar jiran doka kafin ya ɗauki irin wannan mataki. Ya ba direba albashi tsayayye, ya ware lada ga wanda ya shekara ba haɗari, ya daina yi wa abokin ciniki alkawarin lokacin da ba za a iya cikawa ba sai da ganganci. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma babu inda maganar ta fi tabbata kamar a harkar sufuri.

Na'urorin bibiyar mota da na taƙaita gudu suna da amfani, sai dai idan an mayar da su bulalar yanke albashi kaɗai, direbobi za su koyi yadda ake kauce musu. Amfaninsu na gaskiya shi ne a zauna da direba a nuna masa inda yake kuskure, a kuma ba shi tabbacin cewa idan ya kawo rahoton matsalar mota ko haɗarin da ya tsallake da ƙyar, ba za a hukunta shi ba.

Akwai kuma ribar da take zuwa ta wajen suna. Tun shekarar 2012 aka fitar da ma'aunin ƙasa da ƙasa mai suna ISO 39001 kan tsarin kiyaye haɗurran hanya, kuma manyan kamfanoni, musamman masu jigilar mai da sinadarai, sukan nemi ganin tarihin haɗurra da takardun gyaran mota kafin su ba da kwangila. Wanda yake da waɗannan a rubuce yana shiga inda wasu ba sa iya shiga. Ƙwararrun direbobi ma sun fi daɗewa a inda ake kula da lafiyarsu. Kada mai mota uku ko biyar ya ce wannan zancen manya ne, domin mai mota ɗari zai iya jure rasa guda, shi kuwa mota ɗaya tana iya zama sulusin jarinsa, kuma duba taya da birki da fitilu kowace safiya a rubuta a littafi ba ya buƙatar wani babban kuɗi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan wakilanka za su kawo labarin haɗarin motar kamfani, kada su tsaya a kan adadin waɗanda suka rasu da cewa direba ya yi gudu. Su tambaya awa nawa ya yi a kan sitiyari kafin abin ya faru, yaushe aka duba birkin motar, kuma ta wace hanya ake biyan sa.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka