Zuwa ga Yaya: maganar ɗakin da nake ciki da kuɗin kwano

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali da yara baki ɗaya. Ya sanyi, ya kasuwa? Ni nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Na ga gara in zauna in rubuto maka a kan in kira, don duk sanda muka yi waya hayaniyar Kwari ce take cinye rabin maganar, sauran rabin kuma mu ƙare da musu. Wannan ka bari sai ka idar da isha'i ka karanta a nutse.

Labari ya iso ni. Maman yara ta ce ranar Juma'a Hajiya ko abincin rana ba ta ci ba, wai an nuna mata hoto an ce ga akurkin da ɗanta yake kwana a Ingila. Na san wanda ya ɗauka. Yaron nan ne na gidan Gwaggo, da ya zo daga Manchesta ya yi kwana biyu a wurina. Na bar masa gadona na kwanta a ƙasa, ya ci tuwon da na tuƙa da hannuna, da zai tafi ya zagaya baya inda mai gida yake jibge tsofaffin katakai ya ɗauki hoto ya tura wa dangi a WhatsApp. Cikin ɗakin bai ɗauka ba. Ban kira shi ba, ba kuma zan kira shi ba, Gwaggo uwa ce a gare mu. Amma wallahi abin ya yi min ciwo, musamman da na ji har da hawayen Hajiya a ciki.

To bari in gaya maka gaskiyar wurin, kai kuma ka gaya mata yadda za ta fahimta. Asalinsa ɗakin ajiyar kaya ne, wannan ba ƙarya aka yi ba. Gidajen nan a jere suke manne da juna, kowanne da ɗan fili a baya da suke shuka ciyawa, a ƙarshen filin kuma sai ka ga ɗan ɗaki inda ake sa injin yankan ciyawa da keke da gwangwanayen fenti. Mai gidan nan dattijo ne ɗan Pakistan, musulmi, tare muke zuwa Juma'a. Shi ya rushe na katakon ya tayar da na bulo, ya cusa abin tare sanyi tsakanin bango da allon ciki, ya sa taga mai gilashi biyu, ya jawo ruwa da wuta daga babban gida. Tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, a ciki aka yanki banɗaki ɗan ƙarami mai shawa. Gado na nan, ƙaramin firji, murhun lantarki mai kai biyu, kanta guda a bango da nake jera tukwane. Akwatina a ƙarƙashin gado yake. In na shimfiɗa dadduma tana shiga daidai tsakanin gado da ƙofa, ba sai na ɗaga komai ba. A dokar nan, ɗakin kwanan mutum ɗaya a gidan haya na haɗaka bai kamata ya gaza murabba'in mita 6.51 ba. Nawa 12 ne har da banɗakin. Ka ga ashe ma na fi wasu sarari.

Ban ce duk masu irin wannan ɗakin suna cikin daɗi ba. A nan yammacin Landan, wajen Southall da Hounslow har zuwa Slough, akwai waɗanda ake cusa mutum huɗu, biyar a rumfar da ko taga babu, igiyar wuta a ƙasa, bokiti ne banɗaki. Abin ya yi yawan da a 2013 hukumar garin Slough sai da ta sa jirgi ya yi shawagi da daddare da kyamara mai gano ɗumi, don a san rumfunan da mutane ke kwana a ciki. Doka ta ce kafin ka mai da ɗakin baya wurin zaman mutum dabam sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini. Shi ya sa kafin in ba dattijon ko fam ɗaya na ce ya nuna min takardarsa, ya kuwa ɗauko ya nuna min, muka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Ni da nake zaune da bizar aiki ba zan yi wasa da abin da zai sa a buga min ƙofa ba.

Yanzu ga lissafin, don shi ne kan maganar. Da na zo, ɗaki ɗaya na kama a wani gida, fam 850 a wata, mu bakwai a kicin ɗaya da banɗaki ɗaya. In na dawo daga aikin dare sai in tarar da layi, ga warin abin da ba ma ci a cikin firji ɗaya da namana. Nan kuwa fam 480 nake biya har da ruwa, wuta ce kawai nake saya a mita. Bambancin fam 370 ne duk wata, a canjin 2025 ya haura naira dubu ɗari bakwai. Wata goma ke nan ina nan. Ka ɗauki alƙalami ka buga da kanka. Wannan kuɗin ne ya sayi bulo, shi ya sayi rodi, shi ya kai ginin nan linta. Ba wani albashi na ban mamaki nake ɗauka ba, Yaya. Mafi ƙarancin abin da doka ta yanka a nan a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, nawa kaɗan ya ɗara shi, kuma kafin ya shigo hannuna an zare haraji. Masu ganin ana turo kuɗi suna zaton shara ake yi a titi. Daga cikin ɗakin nan da suke kira akurki yake fitowa.

Kuma ni ban ga abin kunya ba. Shekara nawa na yi a ɗakin soro a Gwammaja, ni da Auta, katifa ɗaya, in damina ta sauka mu tara kwanuka? Wa ya taɓa ɗaukar hoto ya yawata? Kai kanka kafin ka yi aure ina ka kwana? Baba, Allah ya ji ƙansa, da ɗaki ɗaya ya fara gidan nan, ana haihuwa yana ƙarawa.

Sanyi akwai shi, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Yanzu magariba kafin ƙarfe huɗu take yi, rana kuma sai wajen takwas take leƙowa, in ma ta ga dama. Hita ce mai cin kuɗi, a sati takan ci min fam 25, don haka ba na barinta ta kwana a kunne. Bargo biyu da safa sun wadatar. Sau ɗaya ne mita ta ƙare min cikin dare ban lura ba, na jira gari ya waye, shi ke nan, ba wani abu ba ne, kar ka kai wa Hajiya wannan. Abin da ya fi sanyin damuna shi ne raɓa. Ɗaki ƙarami, ka dafa abinci a ciki, ka yi wanka a ciki, ka shanya kaya a ciki, da safe sai ka ga gilashi yana zubar da ruwa, in ka yi sakaci kusurwar bango ta yi baƙin fumfuna. Kullum ina gogewa, in buɗe taga minti goma ko da ana sanyi, na kuma sayi wata 'yar na'ura ta hannu mai zuƙe laima. Tarin da ka ji ina yi ranar nan mura ce kawai, ta tafi.

Da na ambaci ɗumama ɗaki sai na tuna. Don Allah Yaya ka sa ido a kan kaskon garwashin Hajiya. Na san halinta in hunturu ya kama, sai ta shigar da shi ɗaki ta ja ƙofa ta kwanta. A nan abin da suka fi ja mana kunne a kai ke nan: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi. Ta ji ɗumi, a fitar da kaskon tsakar gida kafin ta kwanta. Ka gaya wa yarinyar da take kwana da ita. Haka janareta, kar a matso da shi bakin taga.

Sai maganar kuɗi. Jiya na turo, za ka ga alat. Na kwano ne da katako da ƙusa da ladan kafinta. Na kwano ne, Yaya. Ka je Ƙofar Ruwa da kanka, kai da kafintan, kar ka aiki yaro, ka karɓi rasit ka ɗauko min hotonsa. Kwanon kar a sayi mai shara-shara don a rage kuɗi, shekara biyu ya fara yoyo. Abin da ya yi saura, ka cire na maganin hawan jinin Hajiya na wata uku a saya gaba ɗaya, ka ba maman yara na makaranta, sannan tunda yanzu kaka ce ka leƙa Dawanau ka sayo gero da masara kafin su tashi. A raba biyu, rabi gidan Hajiya rabi wurin yara.

Na ji shawarar da kuka yi da magini, wai a dakata da rufi a ƙara ginshiƙai a zuba dakin, wato rufin kankare, don gaba a ɗora bene. Ban yarda ba. Na san nufinka alheri ne, kana so a ce ƙanenka yana waje ya yi gida na gani na faɗa. Amma kai da bakinka ka ce buhun siminti ya haura dubu goma. Kuɗin dakin kaɗai zai rufa ɗakunan nan ya yi yaɓe ya sa ƙofofi. Ka zagaya Rijiyar Zaki ka ƙirga benayen da suka tsaya a rabi, rodi a tsaye yana tsatsa, masu su har yau suna biyan haya. Ni ciki da falo nake so, da ɗaki guda na Hajiya mai banɗaki a ciki don ƙafarta, da kicin, da katanga. Wanda ya yi wata goma a mita 12 ya san abin da mutum yake buƙata. Hayar maman yara a watan biyar za ta ƙare, kuma mai gidan ya riga ya aiko cewa zai yi ƙari. Ba na so in sake biyan shekara. Ko ba fenti, ko ba tayil, in dai an rufa an sa ƙofa da taga, su tare kafin ruwa ya sauka.

Maganar Auta kuma. Ya turo min saƙo sau uku a kan lefe, ya ce kai ka ce a ɗan taɓa na ginin daga baya a mayar. Ban san ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ban kuma tambaya don in kama wani da ƙarya ba. Amma kar a taɓa. Wancan karon da aka ranci na yashi har yau bai dawo ba, na yi shiru ne kawai. Zan taimake shi, ƙanena ne, ni na goya shi. In an gama rufi, wata biyu na gaba nasa ne, na yi alkawari. Shi ma ka zaunar da shi: gidan da yake nema a Zoo Road ba na mai sayar da waya a tebur ba ne. Ya kama ɗaki biyu a unguwa ya fara, iyayen yarinyar mutanen kirki ne, ba za su ƙi ba. Kuma ya rage zaman majalisa har tsakar dare, Hajiya tana kwana da ido biyu saboda shi.

Wani lokacin in na dawo aiki da safe na rufe ƙofar nan, shirun yakan yi min yawa. Ba kiran sallah, ba mai tallan koko, sai ƙarar jirage suna sauka Heathrow ɗaya bayan ɗaya. Ina wanke tsofaffin wasu, ina ba su abinci a baki, ina juya su a gado, tawa tsohuwar kuma kai da matarka kuke ɗawainiyarta. Ina sane, Yaya. Ban manta wanda ya sayar da filinsa aka cika min kuɗin tafiya ba. In na yi maka magana da zafi a kan kwano ka yafe min. Ƙaramin nan da na bari yana rarrafe, ranar nan da aka ba shi waya kallona ya yi ya ɓuya a bayan uwarsa. Da na zo da wata uku kafin lokacin da na zo, da wataƙila suna nan tare da ni, amma tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu irin aikinmu kawo iyali, ni kuma a watan shida na sauka. Haka Allah ya tsara. Tunda ba za su zo ba, aƙalla su zauna a nasu.

Gobe in na tashi zan share ɗakin in ɗauki bidiyon ciki tun daga ƙofa har banɗaki, da rana, in turo maka. Ka kai wa Hajiya da kanka, ka zauna kusa da ita ta gani, ka nuna mata firji da tukwane da inda nake sallah. Kar ka tura wa kowa bayan ita. In wani ya sake tayar da maganar a gidan biki ko wurin suna, a ce masa ina lafiya, ya isa.

Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da matarka da yara, da Kawu, da Gwaggo ita ma, da liman. In akwai mai tahowa cikin watan nan a ba shi kuka da daddawa da yaji, kukata ta kusa ƙarewa, a ɗaure da kyau a leda biyu. Ina jiran hoton rasit ɗin kwano.

Naka,
ƙanenka