A rage anko, a kawo tsofaffin kaya gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana mata kan tsadar atamfa. Ni tela ce a unguwar Kakuri da ke Kaduna, kuma a shagona ake zuwa a sauke wannan kukan.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta haura 1,500 a 2024. Atamfar da ta cika Kantin Kwari kuwa yawancinta daga Chaina ake sauke ta, da dala. Shi ya sa ƙaramar atamfar da ake kira ta talaka yanzu turminta ya gagari talakan.

Ni da nake yanka ta kullum ban taɓa ganin arharta ba. Roba ce aka buga wa zane. Dutsen guga ya ɗan yi zafi, sai ta ƙanƙance ta kama sheƙi. Wanki biyu ta koɗe, ɗinkin hammata ya zame domin saƙar ba ta riƙe zare. A zafin Afrilu ba ta shan gumi, sai ƙuraje. Ga shi kuɗin ɗinkinta ɗaya da na atamfar auduga: zare ɗaya, zif ɗaya, wutar janareta ɗaya. Araha dai ba ta ado.

To me ke sa mu saye ta? Anko. Amarya ta fitar da na kamu, uwar amarya ta fitar da na wuni, dangin ango su fitar da nasu, ƙawaye kuma nasu daban. Mace ba za ta iya sayen mai kyau sau huɗu a biki ɗaya ba, dole a zaɓi mafi araha don kowa ya samu. A sa sau ɗaya, a yi hoto, a jefa ƙasan akwati, don wai an riga an gan ki da ita. Na ga matar da ta ci bashin adashi saboda anko, alhali ɗanta na gida an koro shi kan kuɗin makaranta. Kada a ce ina toshe wa kaina kasuwa. Ɗinkin anko ne ke hana mu barci, shi ne kuma ke jawo mana zagi idan an saɓa alkawari.

Mu 'yan Kakuri abin ya fi yi mana ciwo. Nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, zamanin Sardauna, sannan masaƙar UNTL da sauransu suka biyo. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki, da jiniyar canjin aiki muke sanin lokaci. Audugar Funtuwa da Gusau ake saƙawa. Zanen da ya saya wa mahaifiyata har yau yana nan, na rage shi na yi wa 'yata riga, launinsa bai gushe ba. Yawancin masaƙun sun rufe, kuɗin ankonmu yana ciyar da ma'aikatan wata ƙasa.

Gwanjo ma ba abin kunya ba ne. Wadda ta iya zaɓe a Kasuwar Barci za ta samo wa yara rigunan auduga masu ƙarko, a kawo mana mu rage tsawo, mu sauya maɓalli.

Roƙona ga iyayen amare shi ne ku faɗi launi kawai. Ku ce shuɗi ne ko ruwan goro, kowa ta buɗe akwatinta ta ɗauko abin da take da shi. Wadda tata ta matse ta kawo a buɗa mata, kuɗin gyara bai kai rabin na sabon ɗinki ba.

Wassalam.

Wata tela,
Kakuri, Kaduna