Ga Masu Zuwa Kamun Kifi a Kan Ƙanƙara: Ku Sayi Dagi Kafin Na'ura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman ɗan fili a jaridarka saboda 'yan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai su ƙasashen sanyi, irin su Kanada da arewacin Amurka da Finland. Idan hunturu ya kankama, tafkuna suka daskare, abokan aiki kan gayyace su kamun kifi a kan ƙanƙara, kuma da yawa suna amsawa. Abin da ke damuna shi ne yadda sabon shiga ke kashe kuɗinsa a baibai. Sai ya fito daga kanti da tanti da hita da na'urar hango kifi, alhali ba shi da abin auna kaurin ƙanƙarar da zai ɗora ransa a kai. Kayan tsira su ne farko. Bayan su a tsai da irin kifin da ake nema, domin kifin ne ke faɗar faɗin rami da kaurin zare da nauyin ƙugiya.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota da ke Amurka ta ce kada a taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai inci 4 ba, wato santimita 10. Babur ɗin dusar ƙanƙara yana bukatar inci 5 zuwa 7. Zancen hawa da mota kuwa, sabon shiga ya ajiye shi gefe. Amma wannan awo na sabuwar ƙanƙara ce garau, wadda ake hango duhun ruwa ta cikinta. Farar ƙanƙara, wadda ta samu daga dusar da ta jiƙe ta sake daskarewa, cike take da kumfar iska, ƙarfinta kusan rabin na garau ne, saboda haka mai tafiya a ƙasa sai ya ga inci 8. Kuma kauri ba ɗaya ba ne a faɗin tafki. Hukumar ta ba da shawarar a sake aunawa duk bayan ƙafa 150, kusan mita 45. Ana huda rami, a zura tef ɗin awo, a maƙala bakinsa a ƙasan ƙanƙarar, a karanta. Kirdado da ido ba awo ba ne, sawun wasu ma ba hujja ba ne, don ba ka san yaushe suka wuce ba.

Shi ya sa nake cewa dagin ƙarfe mai kaifin baki shi ne sayayya ta farko. A farkon lokacin ƙanƙara ana tafiya ana sara shi da ƙarfi a gaba, taki ɗaya sara ɗaya. In ruwa ya ɓullo a sara ɗaya ko biyu, a juya ta hanyar da aka zo. A ɗaura masa igiya a wuyan hannu, in ba haka ba ranar da ya huda ƙanƙara zai wuce ƙasan tafki. Wuraren da ƙanƙara ke yin siriri sanannu ne: inda rafi ke shiga tafki ko fita, ƙarƙashin gada, matsatsi tsakanin tsibirai, kan idon ruwa, da gindin ciyayin da suka leƙo sama, domin duhunsu na ɗaukar zafin rana ya narkar da kewayensu. Dusar da ta lulluɓe sabuwar ƙanƙara tana hana sanyi ratsa ta, ga kuma nauyin da take ɗora mata. Iska ma abin tsoro ce a manyan tafkuna. A watan Nuwamba na 2022 sai da aka ceto mutum kusan 200 a tafkin Upper Red da ke Minesota, bayan ƙanƙarar da suke kai ta tsage ta rabu da gaɓa. Wanda zai hau babban tafki a farkon hunturu ya duba inda iska ta dosa kafin ya duba inda kifi yake.

Sai tsinkunan ƙarfe biyu masu ƙota, haɗe da igiya, waɗanda ake ratayawa a wuya a saman riga. Ba a sa su a aljihu, don wanda ya faɗa ruwa ba ya iya laluben aljihu. Sai igiya mai mita 15 ta jefa wa wanda ya faɗa, da ƙusoshin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi saboda santsi, da rigar da ke hana nitsewa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki da lamba uku: minti 1 na farko numfashi ke ƙwacewa, aikin mutum kawai ya mallake shi, sannan kusan minti 10 kafin hannuwa su mutu, sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da shi. Ke nan akwai lokacin fita in ba a firgice ba. A juya ta inda aka fito, don nan ne ƙanƙara ta ɗauki mutum ɗazu. A shimfiɗa hannuwa a kanta, a buga ƙafafu har jiki ya kwanta a saman ruwa, a kafa tsinkuna a ja ciki. In an fito kada a miƙe, a mirgina a yi nisa da ramin. Aboki kuma kada ya ruga bakin rami, ya tsaya nesa ya jefa igiya. Ba a zuwa wannan harka mutum ɗaya.

Batun sutura, auduga ce matsalar mutanenmu, don ita muka saba. Tana shan gumi ta riƙe, kuma huda rami aikin gumi ne, da an zauna sai jiƙaƙƙiyar singileti ta fara zuƙe ɗumin jiki. A sa ta ulu ko ta roba a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje, da safar hannu ta canji.

Yanzu ga rami. Mahuji, wato abin huda rami a ƙanƙara, mai faɗin inci 6 ya wadatar ga ƙananan kifaye irin wanda ake kira perch, wanda tafkin Simcoe da ke arewa da Toronto ya yi suna da shi. Inci 8 shi ne na kowa da kowa, yana fitar da kifin walleye, wanda ya fi perch girma, na tafkin Lake of the Woods da ke kan iyakar Amurka da Kanada ba wahala. Inci 10 na manyan pike ne, wato wani dogon kifi mai kaifin haƙora. Mutane na ɗauka babban rami ya fi, ba su lissafa cewa ramin inci 8 ƙanƙarar da ake yankewa a cikinsa ta kusa ninka ta inci 6, ta inci 10 kuwa ta kusa ninka ta sau uku. Ga shi ƙafar yaro na shigewa ramin inci 10. In kaurin ƙanƙara bai wuce ƙafa ɗaya ba, mahujin hannu mai inci 6, irin na Mora ko Nils, ya isa, kuma shi na fi so ga mai farawa. In ta yi kauri sai mai batir, amma a ajiye batirin cikin riga, don sanyi na rage masa ƙarfi. Abin da ke kashe mahuji shi ne wuƙaƙensa. Yashi kaɗan a cikin ƙanƙara, kamar a kan hanyar da motoci ke bi, ya isa ya dakushe su, haka ma buga shi a ƙasa don kakkaɓe ƙanƙara. Da ka ga yana juyawa yana zamewa ba ya ci, danna shi ba zai yi magani ba, wuƙaƙe za a sauya. A tafi da na canji da kuma ludayi mai huji-huji na kwashe ɓarɓashin ƙanƙara daga rami.

Kafin a zaɓi fatsa, a fahimci halin da kifi ke ciki. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salsiyas, don haka a ƙasan tafki zafinsa kusan digiri 4 ne, a gindin ƙanƙara kuwa dab da sifiri. Jikin kifi na bin zafin ruwa, ga shi ba igiyar ruwa da za ta tada laka. Saboda haka ba ya cin da yawa, ba ya son gudu, kuma yana da sararin tsayawa ya ƙare wa abinci kallo. Duk zaɓin kaya daga nan ya taso. Sandar fatsa gajera ce, inci 24 zuwa 32, tunda a kan rami ake zaune, ba jifa za a yi ba. Ta ƙananan kifaye ta zama mai laushin baki sosai, domin sau da yawa cizo ba a jinsa a hannu, sai dai a ga bakin sanda ya ɗan sunkuya, ko ma ya ɗan miƙe idan kifi ya ɗauko ƙugiya daga ƙasa ya yi sama da ita. Wannan miƙewar ce sababbi ba sa lura da ita.

Zare mai ɗaukar laba 2 zuwa 4 ga perch, laba 6 zuwa 8 ga walleye. Wanda ya ɗauko zaren damina mai kauri zai ga ƙaramar ƙugiya ta kasa miƙar da shi, yana sauka a nannaɗe, kifi ya ci ya tofar ba a sani ba. Saƙaƙƙen zare ba ya talewa, yana kai labarin cizo daga zurfi, amma yana riƙe ruwa ya daskare a zobban sanda, don haka na cikin tanti mai ɗumi ne. A fili a yi amfani da na roba. Akwai kuma murɗewar zare: kwarkwaron naɗewa irin na yau da kullum yana murɗa shi, sai ƙugiya ta riƙa juyi ita kaɗai a cikin ruwa, kifi ya zo ya duba ya koma. Maganinsa kwarkwaron da ke sakin zare kai tsaye, ko ɗan ƙarfe mai juyawa da ake ɗaurawa kamar ƙafa ɗaya da rabi sama da ƙugiya.

Ƙugiya mai kan tangistin, wato wani ƙarfe mai nauyi ƙwarai, ta fi ta dalma, don tangistin ya fi dalma nauyi kusan sau 1.7, sai ƙarama mai milimita 3 zuwa 5 ta nitse da sauri ta ja zare ya miƙe. A sa mata tsutsa ɗaya ko biyu. Ga walleye ana amfani da ɗan faifan ƙarfe mai walƙiya na giram 3.5 zuwa 7, a soka kan ƙaramin kifi a ƙugiyarsa, ko ɗan kifin ƙarya mai lilo irin na kamfanin Rapala. A fara da gano zurfi da dalmar da ake maƙalawa a zare. Ga perch a bar ƙugiya ta bugi ƙasa sau biyu ko uku ta tada laka, sannan a ɗago ta kamar santimita 20 zuwa 30. A ɗaga, a sauke, a ɗan karkaɗa, sannan a tsaya cak. Yawancin cizo a tsayawar nan yake zuwa, kuma babban kuskure shi ne rashin tsayawa. Abinci ya kasance sama da kifi kaɗan, don ya fi taso wa abin da ke samansa. Walleye ya fi ci da asuba da kuma dab da magariba. In rami ya yi shiru kwata ɗin awa, a koma wani. Gara a huda ramuka da dama tun farko, daga gaɓa zuwa inda ƙasa ta gangara, a bar wurin ya natsu. A farkon hunturu kifi na kusa da koren ciyayi a ruwa mara zurfi. Can tsakiya, idan dusa ta tare haske, ciyayin suka mutu suna ruɓewa suna cinye iskar oksijin, sai ya koma zurfi.

Akwai kuma tarkon tuta, wanda ake girkawa a kan rami da ƙaramin kifi mai rai. Kwarkwaronsa a cikin ruwa yake don kada ya daskare, da kifi ya ja sai tuta ta tashi. Ana naɗa masa kakkauran zare na laba 20 zuwa 30, kuma in pike ake nema a sa waya a ƙarshe, don haƙoransa na yanke zare. A taho a hankali, a bar shi ya ɗan tafi, a ja da hannu, a juyo kansa ya fara shigowa rami. A bakin rami ake asarar yawancin manyan kifaye, saboda garajen cicciɓo su kafin su gaji.

Na'urar hango kifi, irin ta Vexilar ko MarCum, tana da amfani ƙwarai, ba na musu. Tana nuna ƙasa da ƙugiya da kifin da ya taso, har a ga motsin da ya jawo shi da wanda ya kore shi. Sai dai idonta, wato ɓangaren da ake zurawa cikin rami, ya rataya a miƙe ƙasa da gindin ƙanƙara, in ya karkace ba za a ga ƙugiya ba. Mai kusurwar digiri 20 faɗin da take gani kusan sulusin zurfin ruwan ne, wato mita 2 a zurfin mita 6. A yi hunturu ɗaya babu ita, ko a ara.

Kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce mita 9, jakar iskar cikinsa na kumbura, ko an sake shi da wuya ya rayu, don haka wanda ya cika adadin kifin da doka ta yarda masa ya bar zurfi. Wanda za a mayar ruwa kuma kada a yasar da shi a kan ƙanƙara, idanunsa na daskarewa nan da nan. Tanti mai hitar gas kuwa, a bar kafofin iskarsa a buɗe, a rataya na'urar gargaɗin kabon monoksaid, domin wannan iska ba ta da wari ko launi. Ciwon kai ko jiri a cikin tanti, a fita waje nan take.

Saura doka. Minesota da lardin Ontariyo na Kanada duk suna bukatar lasisi, kuma a yawancin ruwayensu zare biyu aka yarda wa mutum da hunturu. Ba a nisa da tarkon tuta fiye da ƙafa 200 a Minesota, ko mita 60 a Ontariyo. A Finland kamun kifi ta ramin ƙanƙara da sanda ɗaya haƙƙin kowa ne, ba a biyan kuɗi, in ban da wasu keɓaɓɓun ruwaye. Adadi da tsawon kifin da aka halatta ɗauka sun bambanta daga tafki zuwa tafki, a karanta littafin dokar shekarar kafin a fita. Ragowar ƙananan kifayen da aka sayo don ƙugiya kuma ba a juye su a rami, laifi ne a Minesota da Ontariyo, don ta haka cuta da baƙin kifaye ke shiga tafki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Minesota, Amurka