Wasiƙa ga 'yata mai juna biyu a kan kunun aya da sauran abin sha na sayarwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da surukanki. Ƙanwarki ta dawo ranar Lahadi ta shaida mini cewa laulayin ya fara sauƙi, sai dai har yanzu abinci ba ya zama miki sai abu mai sanyi, kuma kusan kullum da la'asar kina aika yaro ya sayo miki kunun aya na roba, wani lokaci ruwan rake ko markaɗaɗɗiyar kankana. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na rubuto miki domin ki karanta a natse, ki kuma nuna wa maigidanki.

Ita aya ba ta da laifi, haka rake da kankana. Abin da nake tsoro shi ne hanyar da suke bi kafin su iso bakinki. Ki tuna yadda ake kunun aya: a jiƙa ta ta kwana, a kai inji a markaɗa bayan waken wata da tattasan wata, a tace, a ƙara ruwan da mai garuwa ya kawo, a ɗura a robobin da wasu suka sha suka yar. Tun daga farko har ƙarshe wuta ba ta taɓa shi ba. Sannan a jera shi a firji, a ɗauke lantarki ya huce, a dawo da ita ya sake yin sanyi. Idan kika buɗe roba kika ji ta yi tsaki, to ya riga ya fara lalacewa, amma sau da yawa wanda zai cutar da ke ba ya sauya wari ko ɗanɗano.

Mutane suna ɗauka cewa sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta, alhali kwantar da su kawai yake yi. Zafi ne ke kashe su. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar da haka a shekarun 1860, kuma a kan bincikensa ake ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 kafin a rufe ta. Lemon kwali ma ana yi masa irin wannan ɗumamawa. A Amurka, a 1996, wani kamfani ya sayar da ruwan tuffa wanda ba a ɗumama ba, ƙwayar Ikolai ta kama mutum sama da 60, wata yarinya 'yar wata 16 ta rasu. Idan haka ta faru a masana'anta mai injuna, ki auna da robar bakin titi.

A shekarun da na yi ina aikin unguwarzoma, ƙwayar da aka fi ja mana kunne a kanta ita ce Listeriya. Mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau goma, domin garkuwar jikinta tana sassautawa saboda abin da take ɗauke da shi. Tana hayayyafa har a cikin firji. Ga uwa, yawanci ba ta wuce zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar na cizon sauro, kuma takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, amma tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗa, ta jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haife shi babu rai. Ban da ita akwai cututtukan gurɓataccen ruwa da muka sani, taifot da kwalara, da wata irin shawara da ta ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, wadda masu ciki suka fi mutuwa a cikinta. Na taɓa karɓar wata yarinya mai cikin wata bakwai da ta yi kwana biyu tana amai da gudawa bayan ta dawo daga biki. Ruwan jikinta ya ƙare, naƙuda ta taso ba lokacinta ba. Har yau ina ganin fuskar uwarta a bakin ƙofar ɗakin haihuwa.

Ba na ce ki haƙura da abin da ranki yake so ba. Ki yi kununki a gida, ki wanke ayar sosai, ki markaɗa a naki injin da ruwan da kika tafasa ya huce, ki yi daidai wanda za ki shanye a ranar. Lemu da kankana ki wanke bayansu kafin wuƙa ta shiga, ki sha nan take. Zoɓo ana tafasa shi, amma ruwan surki da ƙanƙarar da ake jefawa su ne ke ɓata shi, saboda haka ki guji na sayarwa. Nono kuwa, ki tambayi mai shi ko ta dafa madarar kafin ta yi kindirmo, domin tsami kaɗai ba ya kashe ƙwayoyin cutar bakkale da na tarin fuka da ake ɗauka daga shanu. Na kwali ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, kada ki sha wanda ya kumbura, kuma ki rage saboda sukarinsa.

Idan kika ji zazzaɓi, ko gudawa, ko idonki ya yi rawaya, ko motsin ciki ya ragu, kada ki tsaya sayen magani a kemis, kada kuma ki jira ranar awo. Ki tafi asibiti a ranar, ki faɗa musu abin da kika sha.

Na ba direba aya da dabino da kwakwa ya kawo miki ranar Juma'a. Mahaifinki yana gaishe ki, ya ce ku sanar da mu ranar da za ki taho gida goyon ciki. Allah Ya raba ku lafiya.

Mahaifiyarki.