Yadda ake zuƙe kuɗin katin waya ta saƙonnin tes na ɓoye

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ku ba mu fili mu yi tsokaci kan wata damfara da ba ta cika jawo surutu ba, saboda abin da take ɗauka a lokaci guda bai taka kara ya karya ba. Mutum zai sa kati, bai kira kowa ba, washegari ya tarar kuɗin ya ragu. Sai ya ɗora laifin kan data ko kan yaran gida, alhali an sa layinsa ne a wata rajista da bai san da ita ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, layin waya shi kansa asusu ne. Kamfanonin sadarwa suna da tsarin da ke ba wasu kamfanoni damar sayar da waƙoƙin kira, wasanni ko sakamakon ƙwallo, a cire kuɗin kai tsaye daga katin mutum, ba sai an bi ta banki ba. Ana yin wannan ta gajerun lambobi, galibi masu alƙaluma 4 zuwa 6. Wata lambar idan ka aika mata saƙo ne ake cajinka, wata kuma duk saƙon da ta turo maka kai ne za ka biya. Tsarin halal ne, kuma akwai masu sana'ar gaskiya a cikinsa. Abin da ɗan damfara yake buƙata ɗaya ne tak, wato shaidar cewa ka amince. Ita yake sata.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta shafin kyauta. Za a ce ka ci waya sabuwa ko data kyauta, ka rubuta lambarka. Nan take lambar sirri ta shigo maka ta tes, shafin ya ce ka kwafe ta don a tabbatar kai ne. Wannan lambar ba ta kyauta ba ce, ta amincewa da rajista ce, kuma sharaɗin biyan kuɗi kullum ko duk mako yana can ƙasan shafin da ƙananan haruffa masu dishi-dishi.

Ta biyun ta fi hatsari domin ba a ma tambayar lambarka. Idan kana amfani da datar layinka, kamfanin sadarwa ya san wane layi ne ya buɗe shafin, don haka danna maɓalli ɗaya ya isa a ce ka yarda. Mazambata sai su shimfiɗa maɓallin rajistar, wanda ido ba ya gani, a kan alamar kunna bidiyo ko alamar rufe talla. Kai kana ganin talla ka rufe. Wannan dabara ba ta aiki a kan Wi-Fi, shi ya sa wasu miyagun manhajoji suke kashe Wi-Fi da kansu su mayar da wayar kan data kafin su fara aika-aikarsu.

Akwai kuma shafin da ke cewa ka tabbatar kai mutum ne ba na'ura ba. Kana dannawa sai manhajar tes ta wayarka ta buɗe, an riga an rubuta saƙo, an jera lambobi, abin da ya rage kawai ka aika. Lambobin na ƙasashen waje ne, inda kuɗin isar da saƙo yake da tsada kuma mazambacin yana da kaso a ciki. A nan sai a yi lissafi. Saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa 'yan hotunan fuska ko haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, sai ya koma 70. Abin da ya wuce haka rarraba shi ake yi, kowane yanki da kuɗinsa, kowace lamba ma da nata. Saƙo mai yanki 3 zuwa lambobi 10 saƙonni 30 ke nan a dannawa ɗaya. Babu wani shafin kirki da zai nemi ka aika tes zuwa jerin lambobi don ya gane kai mutum ne.

Sai manhajoji, inda ɓarnar ta fi yawa. A watan Janairun 2020 kamfanin Google ya ce ya cire manhajoji sama da 1,700 daga rumbunsa na Play waɗanda ke ɗauke da mugun shirin da ake kira Joker. A 2021 masu bincike na kamfanin Zimperium sun bankaɗo wani mai suna GriftHorse, wanda ya shiga wayoyi sama da miliyan 10 a ƙasashe fiye da 70, yana jawo wa mutane cajin sama da yuro 30 a wata. Irin waɗannan manhajoji kan zo da siffar tocila, allon rubutu, gyaran hoto ko hotunan fuskar waya. Lokacin da ake tantance su tsaf suke, sai sun zauna a waya sannan su sauko da mugun ɓangaren daga intanet. Daga nan su buɗe shafin rajista a ɓoye, su karanta lambar sirrin da aka turo, su shigar da ita, su kuma share sanarwar kafin mai wayar ya gani.

Kada a ce kamfanonin sadarwa 'yan kallo ne a wannan harka. A 2014 kamfanin AT&T na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 105 bayan hukumomin ƙasar sun zarge shi da sa wa abokan hulɗarsa irin wannan caji, yawanci dala 9.99 a wata, yana riƙe aƙalla kashi 35 cikin 100. T-Mobile ma ya amince da biyan aƙalla dala miliyan 90 a ƙarshen shekarar. Wanda ke da kaso a ciniki da wuya ya yi gaggawar rufe ƙofarsa, sai an matsa masa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a goge manhajar a ɗauka an rabu da Bukar. Rajistar tana kan layi ne, a wajen kamfanin sadarwa. Ko ka wanke wayar gaba ɗaya, ko ka mayar da layin cikin wata wayar, za a ci gaba da cira. Don haka daga layin ake farawa. Duba ragowar kuɗinka da dare, ka rubuta, ka kashe data, ka sake dubawa da safe. Yi haka kwana 7, domin wasu duk mako suke cira. Idan adadi iri ɗaya ne ke fita, kira sashen kula da abokan hulɗa ka nemi a karanto maka duk rajistar da ke kan layin: sunan kowace, gajeriyar lambarta da ranar da aka fara. Ka ce a soke su, sannan ka nemi a toshe cajin wasu kamfanoni a layin baki ɗaya. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa, sai bayan 'yan kwanaki wata sabuwa ta kunno kai.

Aika kalmar STOP yana aiki, amma ga gajeriyar lambar da kamfaninka ya tabbatar ita ce ke cira. Aika ta ga doguwar lambar da ba ka sani ba, ko danna mahaɗin da aka ce na sokewa ne, sanar da su ne cewa layin yana hannun mutum. Ka adana saƙon da ke nuna an soke, ka ɗauki hoton allon duk cajin da aka yi, ka karɓi lambar ƙorafinka. Da su za ka nemi a mayar maka da kuɗi, da su kuma za ka je hukumar da ke sa ido kan sadarwa a ƙasarka idan kamfanin ya yi kunnen uwar shegu.

Bayan nan sai a koma kan wayar. A Android, shiga saiti, ka duba waɗanne manhajoji ne ke da izinin aikawa da karanta tes. Manhajar saƙonni ce kaɗai ya kamata a gani a wurin, ko wata da ka san dalilinta. Ka duba masu izinin karanta sanarwa da masu izinin taimaka wa naƙasassu, domin ta nan ake satar lambar sirri. A sashen izini na musamman akwai wurin tes masu tsada, kuma tun daga Android 4.2 waya kan yi gargaɗi kafin manhaja ta aika saƙo zuwa irin wannan lamba. Duk wadda ka gani a jerin, ka hana ta. Kafin sauke sabuwar manhaja, karanta ra'ayoyin masu tauraro ɗaya, a nan waɗanda aka cuta suke faɗin gaskiya. Wayoyin dattawa da na yara su aka fi samu da tarin rajista, don haka a duba musu nasu layukan a rana ɗaya.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin tsaron wayoyi da kwamfuta.