Bizar Umara ba ta komawa bizar karatu, dan Allah a faɗa wa iyaye

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan bani fili in yi magana da iyaye da kuma ƙannenmu masu burin zuwa karatu nan Saudiyya. Ni ɗalibi ne a Madina, kuma duk lokacin da aka buɗe neman gurbin karatu wayoyinmu basa hutawa, wannan yace yaya ake samun biza, wancan yace wani ejan yace a kawo kuɗi kaza zai gama komai, wata uwa ma saƙon murya zata turo maka tana roƙonka da girman Allah ka taimaki ɗanta, kai kuma ɗalibi ne kamar kowa babu abinda ke hannunka sai bayani. To bayanin ne nake so ya fita a jarida ko zai kai inda wayata bata kaiwa.

Abu na farko da nake so mutane su riƙe shi ne biza ita ce a ƙarshe. Mutanenmu sun juya abin, sai kaga yaro bai nemi ko wace jami'a ba, babu wanda ya ɗauke shi, amma ana ta fafutukar nema masa biza. Yadda abin yake shi ne ka fara neman gurbi, yanzu akwai dandalin ma'aikatar ilimi ta Saudiyya da ake kira Study in Saudi, da Larabci Udrus fis Sa'udiyya, nan zaka cike fom ka ɗora takardunka ka zaɓi jami'a, ko Jami'ar Musulunci ta Madina wadda aka kafa tun 1961, ko Ummul Ƙura a Makka, ko ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, ko ta Sarki Sa'ud da ta Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyad, da sauransu. Sai jami'a ta karɓe ka ta baka takardar ƙabul, daga nan ne maganar biza take tasowa, domin jami'ar ce take tsaya maka a wurin hukuma. In babu ƙabul babu bizar karatu, ko wane ne ya ce maka akwai wata hanya ƙarya yake maka. Kuma gurbin minha, wato sikolashif ɗin gwamnati, ba sayar da shi ake ba, hasali ma su ne zasu baka tikiti da masauki da ɗan alawus na wata da muke ce wa mukafa'a.

Yanzu bari in zo kan abinda yafi ci mani tuwo a ƙwarya. Akwai masu zuwa wurin iyaye su ce a biya wa yaro kuɗin Umara, in ya shigo ƙasa sai a juya masa bizar ta koma ta karatu, wai ai sun san manya a jami'a. Wallahi Malam Edita wannan maganar ta rusa gidaje. Bizar Umara ta ibada ce, tana da ranar ƙarewa, in ta ƙare baka fita ba ka zama mai laifi, shikenan. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta Saudiyya ta sanar a fili cewa wanda bizar shigowarsa ta ƙare bai fita ba zai iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin da ya kai wata 6 sannan a mayar da shi ƙasarsu. Na zauna da wani yaro da aka yi wa irin wannan, mahaddacin Alƙur'ani ne, murya kamar me, mahaifinsa gona ya sayar aka biya ejan. Ya shigo da fayil ɗinsa na roba mai ɗauke da satifiket da takardar tazkiya, wato shaidar kyawun hali, daga malaminsa, kullum yana rungume da shi, ejan ya daina ɗaga waya, yaron yana raɓe a ɗakin wasu 'yan garinsu, in yaji an ce ga motar jawazat, wato jami'an shige da fice, nan sai kaga jikinsa na rawa, baya iya zuwa asibiti in bashi da lafiya, layin waya ma da sunan wani yake amfani. Abinda yafi bani tausayi shi ne takardunsa masu kyau ne, shekarunsa basu wuce ba, da a gida ya zauna ya cike fom ta intanet babu abinda zai hana a duba shi kamar kowa. Yanzu kuwa in aka kama shi tarhil za a kai shi, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a ɗauki basma, wato hoton yatsu, kuma yatsa baya canzawa, ko ya je ya sake fasfo da wani suna na'ura zata gane shi.

Sai maganar suna da ranar haihuwa, wadda ita ce take kayar da yaran da suka bi hanyar gaskiya ma. Mu Hausawa bamu ɗauki rubutun suna da muhimmanci ba. Mutum ɗaya ne amma a takardar WAEC ko NECO ko ta NBAIS an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a fasfo Muhammadu, a takardar firamare kuma sunan garinsu aka saka a matsayin sunan mahaifi, wani ma laƙabin gida ne ya bi shi har makaranta. A gida babu mai damuwa, kowa ya san shi ne. Amma ma'aikacin da yake duba fayil ɗinka a nan bai san ka ba bai san garinku ba, takarda kawai yake gani, in suna biyu basu zo ɗaya ba a wurinsa mutum biyu ne. Ga kuma fassara, domin za a juya takardun zuwa Larabci, su kuma Larabawa tsarinsu sunanka, sunan mahaifi, sunan kaka, to in mai fassara ya rubuta Usman da sin a wannan takarda ya rubuta da sa mai ɗigo uku a waccan, an sake buɗe wata ƙofar matsala. Ina da aboki da ƙabul ɗinsa ya fito lafiya lau, murna a gidansu har da walima, amma ranar haihuwar da ke fasfo ta saɓa da ta satifiket, kafin ya gama zirga-zirgar gyara tsakanin kotu da ofisoshi lokacin da aka ba shi ya wuce. Shi yasa nake cewa tun ran gini tun ran zane, tun yaro yana aji 4 ko 5 na sakandare uba ya zauna ya baza takardun nan a tabarma, ta haihuwa, ta firamare, NIN, ya duba harafi bayan harafi, kafin a yi rajistar jarrabawar ƙarshe, domin gyaran suna kafin jarrabawa abu ne mai sauƙi, bayan satifiket ya fito kuwa sai wanda ya gani.

Rage shekaru kuma dan Allah a bari. Na san dalilin da yasa ake yi, sharaɗin minha shi ne shekara 17 zuwa 25 ga mai neman digirin farko ko ma'ahadin koyon Larabci, 30 ga mastas, 35 ga digirin dakta, kuma a Madina ana so kada satifiket ɗin sakandare ya wuce shekara 5 da fitowa. Yaranmu da yawa sun fara da makarantar allo da hadda, kafin su gama sakandare shekaru sun ja, wannan gaskiya ne kuma abin a duba ne. Amma zuwa a yi rantsuwar ƙarya a kotu don a zo karatun Shari'a ko Hadisi a birnin Manzon Allah (SAW), ni dai abin baya kwanta mani, ban da cewa duk takardar da ka taɓa sai ta saɓa da wata. Wanda shekarunsa suka wuce na digirin farko ya yi digirinsa a gida, Bayero ko Danfodiyo ko Ahmadu Bello ko Maiduguri duk suna da sashen Larabci da addinin Musulunci, sai ya nemi mastas a nan tunda ita har 30 ce.

Sauran takardun ba boyayyu bane. Fasfo mai sauran rai sosai, kar ka zo da wanda saura 'yan watanni ya mutu, mafi ƙaranci ana son wata 6 amma mai hankali sabo zai yi. Satifiket da aka buga wa hatimin tantancewa, a Najeriya ana bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya, sai ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan ɓangaren Saudiyya, wanda ke da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. Takardar 'yan sanda mai nuna baka da tarihin laifi. Tazkiya daga malami ko makarantar da ka fito. Katin rigakafin shawara, wannan ɗan katin mai ruwan ɗorawa. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuma takardunsu na Faransanci ne, su ma sai an fassara an tantance a Yamai. Ɗalibai mata su karanta sharaɗin muharrami na jami'ar da suka nema tun kafin su fara kashe kuɗi.

Gwajin lafiya ina so in ɗan tsaya a kansa. Ana duba jini da ƙirji, ciwon hanta da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ciwon hanta yana da yawa a cikinmu, mutum yana yawo da shi garau bai sani ba. Wasu in sakamako ya fito ba daɗi sai a basu shawara su nemi inda za a rubuta masu na bogi. Kar ku yarda. In ka sauka a nan sai an sake gwada ka kafin a baka igama, wato katin izinin zama a ƙasa, ba da takardar gida za a yi aiki ba, kaga in abin ya fito a nan ka yi asarar kuɗi ka yi asarar shekara ga kunyar komawa. Gara yaro ya je asibiti da kansa tun kafin ya cike fom, in akwai wani abu ya san matsayinsa ya fara neman magani, lafiyarsa ta fi karatun.

To ko bayan an shigo ma ba a gama ba, wannan kuma da ƙannena sababbin zuwa nake. Bizar da ka shigo da ita ta ɗan lokaci ce, igama ita ce zamanka, da ita zaka buɗe asusun banki ka karɓi mukafa'a, da ita zaka yi layin waya, da ita zaka buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkokin takardu. Jami'a ce take tsaya maka a wurin hukuma, saboda haka duk abinda ofishin kula da ɗalibai ya ce ka kawo, kai shi a ranar, kar ka ce sai gobe. In hutu yazo zaka tafi gida sai an baka huruj wa auda, izinin fita da dawowa, kuma yana da ranar ƙarewa. A nan ne yara suke faɗawa rami, mutum ya je gida a ce ai ga bikin ƙanwarka saura sati biyu ka tsaya, ko a ɗaura masa aure ya kasa tahowa, ko ya tsaya jiran tikiti mai araha, ranar ta wuce yana Kano. Sannan a lura da kalanda, a nan ana yawan rubuta kwanan wata da Hijiriyya, ita kuma shekarar Hijiriyya ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, in ka ga wata na 2 a takarda ka tabbata Safar ake nufi ko Fabrairu kafin ka sayi tikiti. Fasfo kuma in ya kusa mutuwa ka nufi ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishi a Jidda da wuri, tunda sabunta igama da izinin fita duk a kansa suke rataye.

Igamar ɗalibi ba ta aiki bace, na san rayuwa ta yi tsada kuma gida ana sa maka ido ana ganin kana Saudiyya, amma tsayawa a shagon wani ko jan kaya a kasuwa in aka kama ka karatun ne zai tafi. Haka aikin Hajji, wasu suna ganin tunda suna da igama ai sai su bi ta bayan dutse su shiga Makka, alhali mazaunin ƙasa ma sai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji. A Hajjin 2025 hukuma ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama babu izini, baƙo kuma a kore shi a hana shi shigowa shekara 10. Yaron da ya sha wahalar hatimi da gwajin jini da jiran ƙabul bai kamata ya zubar da duka a shingen bincike ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, jaridarku tana shiga inda mu bama shiga. Ku ware shafi duk lokacin da aka buɗe neman gurbi ku buga sharuɗɗan da Hausa dalla-dalla, ku tura wakilinku ya tambayi ofishin jakadancin Saudiyya da bakinsa ku buga amsar, domin uba in ya gani a jarida yafi yarda fiye da in ɗan ƙaramin ɗalibi irina ya faɗa masa a waya. Limaman Juma'a da shugabannin makarantun Islamiyya da na haddar Alƙur'ani su ma su taimaka, su ne iyaye suke fara zuwa wurinsu neman tazkiya, to in an zo karɓar tazkiya malam ya tambaya wace jami'a aka nema, ina ƙabul, wa aka ba kuɗi. Tsofaffin ɗaliban Madina da Makka da suka koma gida suna nan a kusan kowace jiha, su buɗe ƙofa kyauta ranar Asabar ko Lahadi su duba wa yara takardu kafin a ɗora a intanet. Mu ma da muke nan a shirye muke mu amsa tambaya in an turo ta hannun jaridarku.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗalibi daga Madina, Saudiyya