A riƙa karɓar kuɗin inshorar mota daidai da tafiyar da ta yi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Don Allah a ba ni fili in kai kuka ga Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM. Tun 1 ga Janairun 2023 ta mayar da kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Wata biyar bayan haka aka cire tallafin man fetur. Ni ɗan fansho ne a Birnin Kebbi, kuma tun lokacin motata ba ta barin gindin darbejiya sai ranar Juma'a ko idan za a kai iyali asibiti. Argungu ma sai da salla nake zuwa. Duk da haka kuɗina ɗaya da na wanda kullum yake kan hanyar Sakkwato, alhali haɗarin da muke fuskanta ba ɗaya ba ne.

A Amurka da Ingila akwai kamfanonin da ke karɓar ɗan ƙaramin kuɗi tsayayye, sannan su ƙara wani abu a kan kowane mil da motar ta yi. Wata ƙaramar na'ura ake maƙalawa a motar tana ƙirga tafiyar, wasu kuma hoton agogon mil kawai suke nema ta waya. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da mu, tunda sabis na yawan yankewa a ƙauyukanmu.

Ina roƙon NAICOM ta ba kamfanoni damar gwada tsarin nan, musamman masu takaful, wato inshorar Musulunci, waɗanda mutanenmu suka fi sakin jiki da su.

Naku mai karatu,
daga Birnin Kebbi.